Hotunan Sadiƙ Foto da Akwatin Bobiel

Duk wanda ya daɗe a Wadata ya san shagon Sadiƙ Foto, ko da yake yau tela ne a ciki. Malam Sadiƙ mutumin Damagaram ne. Ya zo Yamai da kamara ɗaya da wani labule mai zanen jirgin sama, ya shekara talatin da ɗoriya yana ɗaukar mutanen kasuwa hoto. Ƴan pus-pus masu tura kaya, teloli, mata masu tuyar fari masa, amare da angwaye, ƴan lekwal masu neman hoton takardar jarrabawa, duk sun tsaya gaban labulen nan. Halinsa ɗaya da kowa ya sani, ba ya yar da kilishe, wato baƙin fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa. Kowanne sai ya sa shi a ambulan, ya rubuta suna da shekara, ya jera a kwali. Kwalayen suka cika ɗaki guda a gidansa na Lamordé, a ƙetaren kogi.

Hadizatu ce autarsa. A shagon ta girma, da almakashi a hannu tana yanke gefen hotuna. Da ta gama lise, wato sakandare, ta shiga jami'ar da ke kusa da gidansu, ta karanci aikin ordinatar, wato kwamfuta. Ta yi aure, auren bai yi tsawon rai ba, ta dawo wurin mahaifiyarta, Inna Zuwera. Shekarar da Malam Sadiƙ ya rasu, babban wanta Bello ya ce a kwashe kwalayen a zubar, a sami ɗakin saukar baƙi. Hadizatu ta ce a ba ta lokaci. Ta sayi tsohon sikana, ta riƙa sa kilishe ɗaya bayan ɗaya tana mayar da su hotuna a cikin ordinatar, tana rubuta wa kowanne sunan da ke jikin ambulan ɗinsa. Shekara uku ta yi tana wannan aiki. A daminar 2012 ruwan kogi ya shiga unguwar, kwalayen suka jiƙe suka zama kunu. Abin da ya saura na aikin Malam Sadiƙ a duniya shi ne hotuna dubu sittin da wani abu da ƴarsa ta riga ta kwafe.

Don ajiye su ta haɗa wata na'ura da hannunta. Tsohuwar ordinatar ce da wani biro, wato ofis, ya yar, ta gyara ta, ta sa mata diski uku, ta ɗora ta kan armuwar ta ajiye tufafi a ɗakin Inna, ta jona mata batir da farantin sola saboda yawan ɗauke wuta. Ba ta da ekaran, wato allon kallo, ba ta da madannai. Baƙin akwati ne kawai da ƴar fitila koriya a goshi. Masu sana'ar suna ce wa irinta sarbar, amma Inna Zuwera ta raɗa mata Bebiya, tunda ba ta magana ba ta nuna komai. Hadizatu ba ta bukatar zama kusa da ita. Ko ina take, in dai akwai rezo na sadarwa, sai ta buɗe ƙaramar ordinatarta, ta rubuta ƴan kalmomi, Bebiya ta amsa daga Lamordé.

Da haka mutane suka gane hanya. Wani zai kira ya ce, "Ke ce ƴar Sadiƙ Foto? An ce babanki ya taɓa ɗaukar tsohona, sunansa wane, ɗan dako ne a layin masu tasa." Sai ta duba, in ta samu ta tura masa a waya. Akwai wadda ba ta taɓa ganin fuskar uwarta ba sai a hoton da Hadizatu ta tura mata. Ba ta taɓa karɓar komai a kan wannan ba.

Aikin da take ci da shi daban ne. Wani kamfani ne da ke sa sola da rezo a gidajen likita na karkara ya ɗauke ta, ita kaɗai ce mace cikin ma'aikatan hawa rufi. Takan yi wata biyu ba ta ga Yamai ba.

A farkon daminar 2020, ɗaya daga cikin diskin Bebiya ya fara wani ƙara, kas, kas, kamar ana taɓa cokali a kwano. Hadizatu ta san ma'anarsa, diskin ya kusa mutuwa. Kuma shi ne mai ɗauke da hotuna mafi tsufa, daga 1974 zuwa 1986. Ga kogi kuma kullum ƙaruwa yake. Sai ta yanke shawarar yi wa hotunan ƙaura gaba ɗaya. Ta sayi sabuwar na'ura mai ƙarfi, ta je wurin Bello a Bobiel, inda yake da gidan siminti a kan tudu, nesa da ruwa.

"Yaya, wuri nake roƙo. Ƴar kusurwa kawai, da inda zan jona wuta."

"Haba Hadiza, gidanki ne. Sa duk inda kika ga dama."

Ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Ta ce wannan akwati ba ya bukatar ekaran, aikinsa yake yi ko da an ga kamar barci yake. Ta ce hotunan Baba ne za su riƙa tahowa ta rezo daga Lamordé suna shiga ciki, a hankali, har su ƙare. Bello yana gyaɗa kai, idonsa na kan wayarsa. Ta yi rubutu da manyan baƙaƙe a takarda, da Hausa da Faransanci, cewa kada a kashe, kada a taɓa, ga lambarta. Ta manna a jikin akwatin da sikoci. Kashegari ta tafi aiki jihar Tahoua.

Kullum in sun tsaya cin abincin rana, abokan aikinta su kishingiɗa a inuwa, ita ta buɗe ordinatarta ta duba ƙaurar. Da diski marar lafiya ta fara. Rezon Lamordé ba shi da ƙarfi, ya tafi ya tsinke, ta sake ɗaurawa daga inda ya tsaya. Kwana goma sha tara aka yi kafin hoto na ƙarshe ya isa Bobiel. Ta bincika, ta tabbatar babu wanda ya ɓace a hanya. Bayan kwana biyu tsohon diskin ya mutu murus. Ta ce alhamdu lillahi, ta saya wa abokan aikinta nama, ba su ma san dalili ba. Ta san kwafi ɗaya tak ya rage na waɗannan shekaru, ta kuma san hakan bai kamata ba. Niyyarta da ta koma Yamai ta yi na biyu. Sati biyu ne kawai ya rage mata.

Ranar wata Talata da hantsi ta kira akwatin Bobiel, shiru. Ta ce ƙila wuta aka ɗauke har batir ya ƙare. Laraba ma shiru. Ta kira Bello sau huɗu bai ɗauka ba, sai ta kira matarsa Nafissa.

"Anti Nafissa, don Allah leƙa ki gani, fitilar akwatin nan tana ci?"

"Wane akwati? Baƙin nan? Ai Yayanki ya kai shi gyara tun shekaranjiya."

Hadizatu ta sauko daga kan tsani ta zauna a ƙasa. Sai a kira na bakwai Bello ya ɗauka, ana jin hayaniyar shagonsa na kayan gini a bayansa.

"Yaya, wane gyara ka kai akwatina? Lafiyarsa ƙalau."

"Lafiya ƙalau ina? Na aro ekaran na jona masa, ba komai ciki sai baƙin allo da wasu ƴan rubuce-rubuce. An cuce ki ne wurin saye. Na kai wa Mamman mai gyara a Wadata, ya wanke shi tas, ya zuba masa sabon abu. Yanzu ga shi nan a shago yana aiki kamar me. Da shi nake nuna wa masu saye samfurin tayil."

"Ya wanke shi?"

"Formate ya ce. Ke za ki fi ni sani."

"Hotunan Baba ne a ciki, Yaya! Na gaya maka! Na rubuta a jiki!"

"To ai suna Lamordé, sai ki sake turowa. Ina da mutane yanzu."

Ya kashe waya. Ta sake kira ta ce ya kashe na'urar nan take, don duk sa'ar da ta yi a kunne sabon abu ne ke hawa kan tsohon yana binne shi. Ya ce to. Bai kashe ba.

Da asuba ta hau motar Yamai. Sun wuce Dogondoutchi, rana ta take, sai ga kiran Inna Zuwera. Muryarta a tsaye take, amma ana jin ihun mata a bayanta.

"Hadiza, madatsar da ke tare kogi ta ɓalle. Ruwa ya shigo layinmu, ya kai zaure."

"Inna, ki fita! Ki bar komai ki fita!"

"Zan fita. Gaya mini yadda zan yi da Bebiya."

Hadizatu ta roƙe ta ta bari, tsohuwa ta ƙi. Ta ce ta kira Bello, ya ce yana tafe, to amma gada ta cushe, kuma ruwa ba jiran Bello zai yi ba. Ganin gardama ɓata lokaci ce, sai Hadizatu ta ɗora ordinatarta a cinya, mota na tsalle da ita, ta jona da rezon wayarta. Sanda ɗaya ce ta rezo, tana zuwa tana ɓacewa. Sau uku tana rubuta umarni yana tsinkewa. A na huɗu Bebiya ta amsa, Hadizatu ta ce mata ta rufe komai ta kwanta. In aka fizge wuta tana tsakiyar aiki, sauran diski biyun ma suna iya lalacewa.

"Inna, kina ganin koriyar fitilar?"

"Bari in hau turmi. Ina gani."

"Kada ki taɓa sai ta mutu."

Suka jira, ita a mota, uwar a kan turmi, ruwa na zagaya gindinsa.

"Ta mutu."

"To cire wayoyin baya duka. Ja da ƙarfi, ba abin da zai same ki."

Inna Zuwera, mai shekara sittin da takwas, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ta cire wayoyi, ta naɗe akwatin da zanenta na sallah, ta sa a leda, ta sa a babbar robar wanki, ta ɗora a ka. Ta ratsa ruwa har gwiwa zuwa bakin kwalta. Maƙwabta na fitar da katifu da buhunan shinkafa, suna ce mata, "Inna, kin bar akwatin kayanki kin ɗauko ƙarfe?" Ta ce musu su ji da nasu. Bello bai iso ba sai bayan la'asar, ya same ta zaune a farfajiyar wata lekwal da aka tara waɗanda ruwa ya kora, robar na tsakanin ƙafafunta. Ya kai ta Bobiel. Kwana biyu bayan haka bangon ɗakinta ya faɗi.

Hadizatu ta iso Yamai da magariba, ta ga uwarta, ta ga Bebiya a bushe. Da safe ta hau kabu-kabu zuwa shagon Bello. Tun daga ƙofa ta hango akwatinta a kan tebur, an jona masa ekaran, hoton wani banɗaki mai farin tayil na haskawa, mutum uku na kallo. Takardar da ta manna tana nan a jikinsa, ko yagewa ba ta yi ba. Ba ta yi sallama ba. Ta zagaya bayan tebur ta fizge wayar wutar.

"Ke Hadiza, lafiyarki?"

"Karanta mini wannan, Yaya. Kai ne ka yi lise, karanta! Inna da ba ta san a ba ta san ba ba, ta tambaye ni kafin ta taɓa. Kai waya ɗaya ta gagare ka? Shekara goma sha biyu na aikin Baba ka goge don ka nuna wa mutane masai!"

Masu sayen tayil suka sulale. Ta rungumi akwatin ta fita da shi. Ta bi ta wurin Mamman mai gyara, dattijo ne da gilashi a kan hanci, ta tambaye shi ko bai ga takardar ba. Ya ce ya gani, har ya tambaya ko akwai abin da ake so a ciki, Alhaji Bello ya ce fanko ne, ƙanwarsa ce kawai da son tsoratar da mutane. Ya ce, "Madam, wallahi da na sani da na kira lambar." Ta dube shi ta ce lambar ai don a kira aka rubuta ta.

Abin da ya fi ci mata rai bai zo ba sai Juma'ar da ta zagayo. Baba Halidu, ƙanin mahaifinsu, ya tara su a falon Bello bayan an sauko daga masallaci. Ta zo da zaton za a tambayi Bello dalilinsa. Ashe ita aka tara wa mutane.

"Hadizatu," in ji Baba Halidu, "labari ya zo mini kin je shagon yayanki kin ɗaga masa murya a gaban baƙi. Ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Shi ne babba, shi ne ubanku yanzu. Ga uwarku ma a gidansa take zaune. Ki ba shi haƙuri."

"Baba, kun ji abin da ya yi?"

"Na ji. Kuskure ne, kuma hotuna ne. Mutane sun rasa gidaje a kwanakin nan, wasu sun rasa rai. Kada mu tsaya kan hoto."

"Hoton aurenku yana ciki, Baba. Da na Kaka, wanda babu wani sai shi."

Tsohon ya gyara hularsa, ya ce duk da haka. Bello kuwa ya ce shi da zuciya ɗaya ya yi, ya ga abu zaune ba ya aiki ya ce bari a amfana da shi. Ya ƙara da cewa ita da ta yi karatun, me ya sa ta ajiye abu mai muhimmanci wuri ɗaya? Wannan maganar ta soke ta, don tambayar da take yi wa kanta ke nan tun a mota. Ta dubi Inna. Inna ta sunkuyar da kai, a gidan ɗanta take, ba ta da ɗakin komawa.

Hadizatu ta durƙusa ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri da ɗaga muryar da na yi." Ta ɗago ta dubi Baba Halidu. "Saura shi."

Fanka na juyawa, Nafissa ta tashi ta ce bari ta duba tukunya. Baba Halidu ya ɗaga hannu ya ce a yi fatiha, Allah ya haɗa kan zuri'a. Aka shafa, aka kawo abinci.

A watan ta kama hayar ɗaki biyu a wata unguwa mai tudu, ta ɗauke uwarta. Ta cire diskin akwatin Bobiel, ta sa masa wata manhaja mai tono abin da aka goge. Kwana shida tana tono. Cikin hotuna dubu ashirin da ɗaya, kimanin dubu bakwai suka fito, kuma ba suna ba shekara, sai lambobi. Da yawa sun fito da rauni, wani rabinsa toka, wani an yanke fuska da layi kore, wani kan mutum ɗaya a jikin wani. Kwana huɗun da Bello ya yi yana nuna tayil su suka ci mafi yawa.

Har yanzu aikin mayar da sunayen bai ƙare ba. Ran Asabar da Lahadi da yamma sukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Hadizatu na nuna hoto, Inna na matso da ido. "Wannan Moussa mai ɗinkin hula ne, matarsa Bazabarma ce daga Kollo. Wannan ban san ta ba, wuce. Tsaya, koma baya, wannan ai Balkissa ce mai fura." Wanda Inna ba ta gane ba, Hadizatu ta buga shi a takarda ta kai Wadata, ta bi tsofaffin teloli da masu shaguna tana tambaya. An gano mutum ɗari tara da wani abu. Masu kira suna nan suna kira, kuma in shekarar da suke nema ta faɗa cikin waɗancan, takan gaya musu gaskiya, ta ce akwai shi da, an goge.

Yanzu na'urori uku take da su, kowace da cikakken kwafi. Bebiya na ɗakin Inna da sababbin diski. Ta biyu tana Maradi a gidan Rabi, ƙawarta tun jami'a, wadda ita ma sana'arta ke nan. Ta uku tana biron kamfaninsu cikin kejin ƙarfe da ta sa maƙeri ya ƙera, makullin na wuyanta. Kowace safiya kafin ta sha shayi sai ta kira su ukun ta ji sun amsa.

Bara Bello ya yi wa falonsa sabon fenti, ya aiko Nafissa ta ce yana son hoton Baba na samartaka, wanda yake tsaye a ƙofar shago da kamara a wuya, zai sa a bango. Hadizatu ta san hoton, na 1975 ne. Ta nemo shi cikin waɗanda aka tono. Takalman Malam Sadiƙ sun fito tsaf, da wandonsa mai faɗin ƙafa, da dakalin shagon, da kamarar a kan cikinsa. Daga ƙirji zuwa sama toka ce zalla. Ta kai aka wanke shi babba, ta sa aka yi masa firam mai kyau da gilashi, ta naɗe a takarda ta ba mai kabu-kabu ya kai Bobiel.

Nafissa ta ce da ya buɗe ya daɗe yana kallo, sannan ya tura shi bayan armuwar. Ran sallah Hadizatu ta je gaishe shi kamar kowace shekara, ta durƙusa, ya amsa, ya tambaye ta aiki da jikin Inna. A bangon falon, inda ya so sa hoton, agogo ya rataya.